Shin akwai makoma a harkar kayan gyaran jiragen sama?

Tambaya: Na gama babbar difiloma a fannin saye da ajiyar kaya, yanzu ina jiran kiran hidimar ƙasa. Tun ina yarinya nake sha'awar aikin jirgin sama, amma ba mu da halin karatun tuƙi. Wani ya ce min akwai masu aikin samo wa jirage kayan gyara. Mene ne ainihin aikin, ta ina ake shiga, kuma gaskiya ne kwamfuta da ƙirƙirarriyar basira sun kusa ƙwace shi?

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya sanya albarka a karatun. Wanda ya ba ki labarin nan gaskiya ya faɗa miki. Ni kaina a wannan aiki na yi furfura. Daga sito na fara, ina ƙirga ƙusoshi da zoben roba, na koma teburin saye, daga baya aka damƙa min sashen gaba ɗaya. Zan ba ki amsa yadda zan ba wadda muka fito ciki ɗaya.

Da farko ki ajiye duk abin da kika sani game da sayen kayan mota. In famfon mai ya mutu a motar gidanku, bakanike zai kwance shi, ya hau babur zuwa Ƙofar Ruwa, ya jera tsohon kusa da sabon, in sun yi kama ya yi ciniki ya dawo. A harkar jirgi ido ba ya shaida. Duk abin da za a ɗaura wa jirgi sai ya zo da takardar da ke nuna wanda ya ƙera shi ko ya gyara shi, da izinin da yake da shi, da wanda ya sa hannu cewa abin ya cancanci tashi. In daga Amurka ya fito, takardar ita ce 8130-3 ta FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta can. In daga Turai ne, Form 1 ta takwararta EASA. Ƙananan kaya irin su ƙusoshi kuwa da shaidar masana'anta da lambar rukuninsu suke zuwa. Masu binciken NCAA, hukumarmu ta kula da sufurin jiragen sama, in suka shigo sito, waɗannan takardu suke nema kafin su dubi kantar kaya. Kaya sabo fil a ledarsa, in takardarsa ta ɓata, a wurinmu ƙarfe ne kawai. Keji za a kai shi a kulle, ba mai taɓa shi sai an warware maganarsa.

Wannan tsauri ba don a wahalar da mutane aka yi shi ba, rayuka aka rasa kafin a kai gare shi. Ranar 8 ga Satumba 1989 wani jirgin kamfanin Partnair ya tashi daga Oslo zai je Hambug, ya tarwatse a sama ya faɗa teku kusa da gaɓar Denmak. Mutum 55 ne a ciki, ba wanda ya tsira. Da aka tsamo tarkacen, sai aka ga uku daga cikin ƙusoshi huɗun da ke riƙe da jelar jirgin na jabu ne, ƙarfensu bai kai ƙwarin da ake buƙata ba. Wani ne ya sayo su, wani kuma ya karɓa ya jera a kanta.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne hatsarin jirgin kamfanin ValuJet na Amurka, ranar 11 ga Mayu 1996, domin wannan aikin irinmu ne kai tsaye. Akwai wasu gwangwanaye da ke haɗa iskar oksijin ga fasinja in iska ta yi ƙaranci a cikin jirgi. Wa'adin wasu ya cika, aka cire su daga wasu jirage a wurin gyara, fiye da guda 100, ba a sa musu murfin kariya ba. Aka zuba su a kwalaye, aka rubuta a takardar kaya cewa fanko ne, aka loda su a ƙarƙashin jirgin fasinja mai zuwa Atlanta daga Miyami. Gwangwanayen nan in suka tashi aiki zafi suke yi ƙwarai. Wuta ta kama, jirgin ya faɗa fadamar Everglades da mutum 110. Ba matuƙi ne ya yi kuskure ba. Kalma ɗaya ce a takardar tura kaya. Duk yaron da ya zo ƙarƙashina, wannan labari nake fara ba shi kafin in nuna masa inda makulli yake.

Kada ki ɗauka zancen da ne. A 2023 aka bankaɗo wani kamfanin dillanci a Landan mai suna AOG Technics, wanda ya daɗe yana sayar da kayan injin CFM56 da takardun bogi. Ma'aikatan gyara na kamfanin jiragen Fotugal ne suka fara lura, domin sun ga kayan da takarda ta ce sabo ne amma jikinsa ya nuna ya sha aiki. Aka bi sawu aka sami injuna fiye da 100 a duniya da irin kayan a cikinsu, aka riƙa saukar da jirage ana kwance su. Wannan ya shafe mu, domin CFM56 shi ne injin da ke jikin Boeing 737 na da, irin wanda kamfanoninmu na gida suka fi tashi da shi. Sai kuma 5 ga Janairu 2024, lokacin da marfin wata ƙofa ya fice daga sabon jirgin Alaska Airlines jim kaɗan bayan tashinsa daga Portland. An buɗe marfin a masana'antar Boeing don wani gyara, ba a rubuta an buɗe ba, saboda haka ba wanda ya duba ko an mayar da ƙusoshinsa huɗu. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Akwai wani rukunin kaya da takardarsa ta fi kowanne nauyi, wato masu ƙayyadadden rai, kamar fayafayan da ke juyawa a cikin injin. Kowane tashi da sauka zagaye ɗaya ne, kuma a CFM56 wasu fayafayan iyakarsu zagaye 20,000 ne, wasu 30,000. Da ya cika, ko lafiyarsa lau, an gama da shi. Saboda haka dole a san tarihinsa tun daga haihuwa: wane injin ya fara shiga, a wane kamfani, zagaye nawa ya yi a can, yaushe aka cire shi. In aka sami giɓi a tarihin, ko na 'yan watanni ne, faifan da ake saye da dubban ɗaruruwan dala ya zama na 'yan gwangwan. Kuma ba a jefar da shi haka nan. Sai an yanka shi ko an fasa shi, an ɗauki hoto, don kada wani ya tsince shi ya goge ya dawo da shi kasuwa.

To, yanzu ga aikin yau da kullum. Kayan sito iri-iri ne. Akwai kayan juyi, waɗanda a bakin aiki ake ce wa rotabul: birki, ƙafafun jirgi, janareto, kwamfutocin tuƙi. Ana cire su a aika wurin gyara, su dawo da sabuwar takarda su koma kanta. Akwai na amfani sau ɗaya, kamar zoben roba da matatun mai. Akwai masu wa'adi kamar magani: gam, giris, fenti. Waɗannan su ne ke ba mu wahala a ƙasar zafi. Wani gam ɗin sai a firji, kuma dole a riƙa rubuta sanyin firjin. In wuta ta ɗauke dare guda a watan Afrilu a Kano, janareton sito bai tashi ba, da safe abin da ke ciki ya tashi daga aiki ko da kwanan watansa bai cika ba. Taya ba a barin ta a rana. Kayan lantarki ba a ɗaukar su da hannu haka kawai, suna da ledarsu ta musamman.

Ƙwarewar gaske tana wurin sanin me za a ajiye da guda nawa. In kin cika sito da komai, kin kwantar da kuɗin kamfani a kanta, kuma kayan jirgi da dala ake saye. In kin rage, wata rana jirgi zai kwana a ƙasa saboda abin da bai kai tafin hannu ba. Akwai littafin da ake kira MEL, wanda ke fayyace abin da jirgi zai iya tashi ba tare da shi ba da tsawon lokacin: wani kwana 3, wani kwana 10, wani 120, wani kuwa ko taku ɗaya ba a yi sai da shi. Mai tsara kaya da ya san aikinsa yana zama da wannan littafi, da jadawalin gyara, da tarihin abin da ya saba lalacewa, sannan ya yanke shawara. Ya san ƙurar hunturu tana cinye matatu. Ya san kafin jigilar alhazai dole a tara tayoyi da birki, domin jirgi zai yi ta zirga-zirga da cikakken nauyi zuwa Jidda da Madina cikin zafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In tsari ya kuskure, ko tsuntsu ya shiga injin, sai a ce jirgi ya zama AOG, wato yana ƙasa ba ya iya tashi. Waɗannan haruffa uku su ne ke tashin mutum daga barci. Bari in ba ki nawa. Wata shekara muna tsakiyar jigilar alhazai, wani bawul ya mutu, irin wanda MEL bai yarda a tashi ba tare da shi ba. Tsofaffi suna kwance a sansani da jakunkunansu. Muka yi ta buga waya har muka same shi wurin wani dillali a Turai, aka ba mutum ya riƙo shi a hannu ya hau jirgin dare. Da ya iso na buɗe kwali, bawul ɗin tas, amma lambar da ke jikinsa da wadda ke takarda sun bambanta da harafi ɗaya. Na ce ba zan karɓa ba. Wayar da na sha a ranar ba ta ƙirguwa, har da waɗanda nake jin nauyinsu. Aka ce kuskuren bugawa ne kawai. Wataƙila hakan ne. Amma ni ba ni da ikon gyara takardar da wani ya sa wa hannu, kuma in na sa tambarina, na shaida abin da ban gani ba. Sai da wurin gyaran da ya fitar da takardar ya binciki kundinsa ya aiko gyararriya, sa'o'i da yawa bayan haka, sannan aka ɗaura. Har yau ina tuna fuskokin tsofaffin nan, kuma har yau da za a maimaita, abin da zan yi ke nan.

A nan zan ja kunnenki a kan abin da ba a koyarwa a aji. Ranar da kika zauna teburin saye, dillalai za su san lambarki. Wani zai aiko miki da turare, wani ya ce akwai kasonki in kin ba shi odar. Wanda ya karɓa sau ɗaya, gobe ba zai iya mayar da kayan mutumin ba in takardarsa ta yi wari. Harkar nan ƙarama ce, kowa ya san kowa daga Legas zuwa Dubai, kuma sunan mutum yana riga shi isa.

Kin tambayi ko akwai makoma. A ganina ba a taɓa neman masu wannan sani kamar yanzu ba, kuma dalilin a fili yake. Jirgi ɗaya daga ƙasashe da yawa ake haɗo shi. Fukafukan Airbus a Broughton ta ƙasar Wales ake yin su, a ɗauke su zuwa Tulus ko Hambug. Gangar jikin 737 daga Wichita take hawa jirgin ƙasa zuwa Renton. In mahaɗi ɗaya ya tsinke, kowa ya tsaya. Annobar korona ta sa ƙananan masana'antu sun sallami ƙwararrun da ba su dawo ba. Yaƙin Yukren ya sa Boeing ta daina sayen ƙarfen titaniyam daga Rasha a 2022. A 2023 kuma masana'antar injuna ta Pratt & Whitney ta sanar cewa garin ƙarfen da aka yi wasu sassan injunan A320neo da shi ya gurɓata, sai an kwance injuna 600 zuwa 700, kuma ɗaruruwan sababbin jirage suka zauna a ƙasa suna jiran layi. A ƙarshen 2024 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce jiragen da aka yi oda ba a kawo ba sun kai 17,000, kuma matsakaicin shekarun jiragen duniya ya kai 14.8. Ma'anar wannan a sito ita ce: tsofaffin jirage ba za su huta ba, kowa yana neman kayansu a lokaci guda, farashi ya hau, jira ya yi tsawo. Mu kuma muna ƙarshen layin, ga naira da ta tashi daga wajen 460 a dala kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo. Wanda ya iya samo kaya mai tsabtar takarda, a farashi mai sauƙi, ya fito da shi daga kwastam ba tare da ya kwana biyar a filin jirgi ba, kamfani ba ya sakin sa.

Kujerun da ke cikin aikin suna da dama: mai kula da sito, mai duba kayan da suka iso, mai saye, mai tsara kaya, mai bin kayan da aka aika gyara, mai teburin AOG, mai adana tarihin jirgi, mai fito da kaya. Ba kamfanonin jirage kaɗai ke ɗauka ba, irin su Max Air da Rano Air da Air Peace. Akwai wuraren gyara, kamar na Aero Contractors a Legas da ya fara yi wa 737 babban gyara a gida a 2018, da na Ethiopian Airlines a Addis Ababa. Akwai kamfanonin lodi irin su NAHCO da SAHCO, da masu jirage masu saukar ungulu da ke kai ma'aikatan mai teku. Mata suna cikin aikin, musamman a tsara kaya da saye da adana tarihi. Teburin AOG dai yana da aikin dare, wannan ki tattauna shi da mutanen gida tun da wuri.

Sai maganar na'ura. Lokacin da na fara, kowane kaya yana da katinsa a akwati, kuma neman kaya a waje sai da na'urar fax da waya. Yanzu kamfanoni suna aiki da manhajoji irin su AMOS da TRAX da Ramco, waɗanda suka haɗa sito da jadawalin gyara da lissafin kuɗi wuri guda. Neman kaya kuwa a shafukan intanet na ILS ko PartsBase ake yi: ki buga lamba, cikin daƙiƙa ki ga duk mai shi a duniya da halin da kayan ke ciki. Ana liƙa wa rigunan ceto da kwalaben oksijin ɗan guntu mai aika sigina, mutum ya ratsa jirgi da na'ura a hannu ya san wanda wa'adinsa ya kusa, aikin da a da sai an leƙa ƙarƙashin kowace kujera. Tun 2017 Airbus ta fito da tsarin Skywise, wanda ke tattara bayanan da na'urorin jirgi ke fitarwa ya hango abin da ke shirin mutuwa, a yi odarsa tun bai mutu ba. Har ƙera kaya ake yi da na'urar bugawa ta 3D: bututun fesa mai na injin LEAP, wanda a da sassa 20 ake haɗawa, yanzu guda ɗaya ake fitar da shi. Bayan abin kunyar AOG Technics kuma, a 2024 Boeing da Airbus da GE da Safran da wasu manyan kamfanonin jirage suka kafa haɗaka, kuma cikin abin da suka fi nanatawa har da mayar da takardun shaida na lantarki, yadda za a iya tantance su daga tushe.

Gaskiya wasu ayyuka sun tafi, wasu kuma suna kan hanya. Mai kwafe lambobi daga takarda zuwa kwamfuta kawai, kwanansa ya kusa ƙarewa, domin manhaja tana karanta takarda yanzu. Amma na ga abin da ke faruwa in aka zuba wa manhaja mai tsada bayanan da ba daidai ba: za ta ce akwai birki biyu a kanta, a je a tarar ɗaya na wurin gyara tun bara. Hasashenta kuma daga tarihi take ɗaukowa, ba ta san an ɗage ranar fara jigilar alhazai ba sai an faɗa mata. Kuma har yau doka sunan mutum take nema a ƙasan takarda. Abin da na'ura ta yi shi ne ta ɗaga matakin shiga: yanzu ana son wanda ya san kaya kuma ya iya tambayar bayanai.

Saboda haka ga abin da nake ba ki shawara. Ki ƙware a Excel sosai, ba sama-sama ba, in da hali ki ƙara Power BI da ɗan SQL na sarrafa bayanai. Ki gyara Turancinki na rubutu, domin duk cinikin da wasiƙar imel ake yin sa, kuma Faransanci riba ne in kina hangen Yamai ko Duwala. Ki koyi yadda aka raba jirgi babi-babi a tsarin ATA: 21 sanyaya iska, 24 lantarki, 29 haidirolik, 32 ƙafafu da birki, 72 injin. Injiniya in ya ga kin san wannan, zai daina yi miki kallon baƙuwa. Ki san Incoterms, wato ƙa'idojin cinikin ƙasa da ƙasa, da takardun Form M da PAAR na shigo da kaya Nijeriya. Kwas ɗin da na fi so ki fara da shi shi ne na kaya masu haɗari bisa littafin IATA, kwas ɗin da ake maimaitawa duk wata 24; shi ne ke koyar da yadda ake tura batirin litiyam da gwangwanayen da na ba ki labari. Zariya tana kusa: ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da aka kafa a 1964, ga cibiyar NITT ta fasahar sufuri, ki je da ƙafarki ki tambayi gajerun kwasa-kwasan da suke da su a bana. Takardun ƙwarewa irin na cibiyoyin CIPS (saye) da CILT (sufuri) suna da amfani, amma su jira sai kin fara ɗaukar albashi.

Shekarar hidimar ƙasa ita ce ƙofarki mafi sauƙi. Ki rubuta wa kamfanonin jirage da na lodi da wuraren gyara tun kafin ki shiga sansani, ki ce sito kike so. Mutane kaɗan ne ke neman sito, kowa ofis mai sanyi yake so, don haka za a lura da ke. In an karɓe ki, ki roƙi a zaunar da ke kusa da mai duba kayan da suka iso, ki riƙa riƙe masa kwali kina kallon abin da yake dubawa: lambar jikin kaya da ta takarda, tambari, sa hannu, kwanan wata, lambar izinin wurin gyara. In kin samu wurin, ki sake rubuto min ki faɗa min irin jiragensu da manhajar da suke aiki da ita, sai in gaya miki babin da za ki fara karantawa. Allah ya ba da sa'a.